Falle na Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Asabar na tabbata akwai abin da ya faru. Baba ba ya makara. Ya yi shekara talatin da wani abu yana hedimasta a firamare, kuma ko bayan ya yi ritaya, in ya ce ƙarfe goma, to agogo na cika goma kiransa zai shigo. Ran nan ina zaune a kan darduma a ɗakina, littafin da nake kwafi a buɗe, tsohon fallen takardar da ya ba ni aro yana gabana cikin leda, waya kuwa shiru. Na yi ta jin nauyin in kira dattijo in tambaye shi abin da ya tsare shi. Ina cikin haka matar ɗansa ta kira, ta ce Baba ya tashi da zazzaɓi da tari, ya ce a ba ni haƙuri, karatu sai wani satin.

Bayan kwana uku motar asibiti ta zo. Daga tagarmu a hawa na tara na hango mutum biyu cikin fararen kayan kariya suna tura shi a keke, yana riƙe da hularsa kada ta faɗi. Kwanansa tara a can, ya rasu da hantsi.

Shekara ta biyu ce ta annobar, an sake kulle Kuala Lumpur, babu mai zuwa gidan wani. Ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Ɗansa, wanda duk ɗaliban benenmu na unguwar Danau Kota muke kira Yaya, shi kaɗai aka bari ya je maƙabarta, ya tsaya daga nesa yana ɗaga waya sama don na gida su gani. Da ya dawo ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne bai zuba ƙasa ko tafi ɗaya ba. Masu karatun digiri na uku suka cika guruf ɗinmu na waya da dogayen addu'o'i, har biyu daga cikinsu suka ɓata yini guda suna gardama a kan sallar gawa daga nesa. Samarinmu da ke unguwar Sri Petaling, waɗanda Baba ya sha yi wa faɗa a kan askinsu, su ne suka haɗu suka sa aka kawo buhun shinkafa, ba su ko rubuta sunansu a jiki ba. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke maƙwabtaka da su ta yi kwana bakwai tana rataye abinci a ƙarfen ƙofarsu, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta koma. Mai shagon shayi da abinci na ƙasan bene, irin wanda suke kira mamak, ya tambaye ni ina tsohon nan mai cewa shayinsu sukari ne da ɗan ruwa. Da na faɗa masa, ya ajiye kofin da ke hannunsa. Inna, matar Baba, ta shiga takaba a hawa na goma sha huɗu, a garin da ba ta jin yaren kowa.

Ni ba 'yarsa ba ce, ba jikarsa ba. Ɗaliba ce mai digiri na biyu a tarihin ilimi, wadda ta fi sabawa da laburare fiye da mutane. Ban yi kuka a gaban kowa ba, ban kuma rubuta komai a guruf ba sai amin. Amma ranar da ya rasu akwai kayansa a hannuna, ban kuma san wanda zan mayar wa ba. Don haka nake rubuta wannan, don kuma kada a manta da shi da mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa hidima.

Baba ya zo Malesiya ne don a yi masa aikin ido, da niyyar wata biyu. Aka rufe filayen jirgi, wata biyu suka zama shekara da rabi. A lif muka fara haɗuwa, kafin kulle na farko. Ya ga littafi a hannuna ya tambayi abin da nake karanta. Na ce ina bincike ne a kan littattafan koyar da yara na ƙarni na goma sha tara, waɗanda aka rubuta a wannan yankin. Ya ce na gidanmu fa? Na ba shi amsar da na karanta, cewa mu ban da littattafan addini ba mu da irin waɗannan sai da Turawa suka zo. Ya yi ta dubana ta saman tabarau har lif ya tsaya. Washegari Inna ta sauko da kanta, ta ce Malam yana kirana, kuma in zo da hannuna a wanke.

Na same shi a tsakiyar falo da tsohuwar gafaka a cinya, jakar fata ce da ta yi baƙi don tsufa. Inna ta ce ran da za su taso ya manta maganin hawan jininsa a gida amma bai manta wannan ba. Ya kwance igiyar, ya fito da takardu falle-falle, ba ɗinki, ba lamba, an rubuta su da ajami da tawadar da ta koma ruwan ƙasa. Ya ce rubutun kakan mahaifinsa ne, wanda a gidansu ba a faɗar sunansa, sai dai a ce Malam Babba.

Abin da na sani game da Malam Babba daga bakin Baba na ji shi, guntu-guntu, yadda ya zo masa. Ɗan marini ne, kuma har ya tsufa faratansa ba su rabu da shuɗin baba ba, don da rini yake ciyar da gidansa, bai taɓa karɓar ko ƙwayar hatsi a kan koyarwa ba. Ya yi karatu kamar kowa, ya zauna a zauren gidansu yana koyar da 'ya'yan fatake da na masu sana'a. A nan ya lura yaro zai iya karatu da kyau, amma in aka ce ya rubuta wa ubansa wasiƙa ko ya raba dami goma sha bakwai tsakanin gida uku sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Shi ne ya fara rubuta darussa da Hausa, kowane darasi falle ɗaya. Akwai na ƙirga, da na watanni da taurarin damina, da na garuruwan da ke kan hanyar fatauci da kwanakin da ke tsakaninsu, da na yadda ake buɗe wasiƙa a rufe ta, da na awon gona da taki. Waɗansu malaman garin suka ce ɓarna ce a ɗauki takardar da ta ƙetaro hamada a kan raƙumi a rubuta mata zancen gero. Baba ya ce Malam Babba bai taɓa mayar musu da magana ba, amma 'ya'yan biyu daga cikinsu a zaurensa suka koyi lissafi, ta ƙofar baya suke shigowa.

Saboda tsadar takarda, kwafi ɗaya ya yi na kowane darasi. Daga nan tsarin ya samo asali. Ana ba ɗalibi falle ɗaya ya tafi da shi gida ya kwafa da hannunsa. In ya gama ya dawo ya biya wa malam daga nasa kwafin, malam yana bi a na asali. Sai an biya babu kure ake karɓar fallen a mayar cikin gafaka, a ba shi na gaba. Ba a ba mutum falle biyu a lokaci guda, ba a kuma mayar da wanda ba a biya ba. Haka ɗan Malam Babba ya yi, haka jikansa, haka Baba, wanda yake koyar da boko da safe, da yamma ya buɗe gafaka ga duk mai so.

Fallayen sittin da uku ne. Ɗaya akuya ta gutsure masa kusurwa tun zamanin mai su, aka cike kalmomin da suka tafi a gefe. Ɗaya yana da tabon man gyaɗa. Wanda na fi so shi ne na kwanakin hanya, inda Malam Babba ya soke lissafinsa da kansa, ya rubuta a ƙasa cewa 'yar wani bafatake ce ta gyara masa, ita ce da gaskiya. Baba yakan daɗe a kan wannan layin. Ya ce mutum ya rubuta littafi ba abin mamaki ba ne, amma ya rubuta a cikin littafin cewa yarinya ta kama shi, ya bar shi a nan jikoki su gani, wannan sai malami.

Na roƙe shi ya bar ni in ɗauki hotonsu duka, na ce minti ashirin ya isa. Ya ce a'a. Na ce don kada su lalace ne. Ya ce sun fi shekara ɗari suna yawo a hannun yara masu cin ƙuli-ƙuli ba su lalace ba.

"In kina so, ki zauna ki kwafa kamar kowa," in ji shi. "Abin da hannu bai rubuta ba, kai ba ya riƙe shi."

Da aka kulle gari tsarin bai tsaya ba. Ran Talata Yaya zai rataye leda a ƙarfen ƙofarmu, falle a ciki tsakanin kwali biyu, sau da yawa da ɗan kwanon dambu ko ƙosai daga Inna. Ran Asabar Baba ya kira ta bidiyo in biya masa. Ba ya buƙatar na asali a gabansa, yana da su a ka. Yakan rufe ido yana gyaɗa kai, in na yi kure ya ɗaga yatsa ɗaya kawai, ba zai faɗi inda yake ba sai na nemo da kaina. In na gama lafiya ya ce "boleh", wato ya yi, kalmar Malay ɗaya tak da ya yarda ya koya, sannan in hau in rataye fallen a ƙofarsu.

Malama Shiru yake kirana. Yakan ce muryata kamar ta mai ba sauro haƙuri, in ɗaga ta, malami ba ya raɗa. Ba ya shan shayi sai ya huce sarai. Yana ninke kowace leda ya ajiye, har matar Yaya ta ce sun kusa buɗe kedai, wato shago. Kullum bayan la'asar yakan tsaya a baranda ya kalli hadari yana haɗuwa a kan dogayen gine-gine, ya ce ƙasar da ake ruwa kowace rana ba manomi ko ɗaya a gani, wannan rabon Allah ne kawai. Yana da kaifin harshe, wannan ba zan ɓoye ba. Ya taɓa sa matar Yaya kuka don jikokinsa suna amsa masa da Turanci, ya ce an yi musu kaciyar harshe. Bai ba ta haƙuri da baki ba, irinsu ba sa yi. Amma washegari aka same shi a kicin yana tsince mata wake, abin da Inna ta rantse bai taɓa yi mata ba.

Sau ɗaya muka saɓa. Lokacin an ɗan sassauta kulle, na hau na same shi da biro a hannu yana rubutu a gefen wani falle na asali. Ni da aka koya wa cewa irin wannan takarda ko da yatsa ba a taɓa ta sai da dalili, ban san sanda na ce, "Baba, ba a rubutu a kan wannan" ba, da muryar da ban taɓa jin kaina da ita ba. Ya rufe biron a hankali, ya juyo da fallen ya nuna mini gefensa. Rubutu iri huɗu ne a wurin: na Malam Babba, da na ɗansa, da na jikansa, da nasa. Kowa ya ƙara abin da ya ga yara suna tuntuɓe a kai. Ya ce ni ina ganin kayan tarihi, shi yana ganin kayan aiki, kuma ranar da aka daina rubutu a gefe ranar littafin ya mutu. Sannan ya ce in sauka, ya gaji.

Talata biyu ƙofarmu ba leda. Na rubuta saƙon ban haƙuri ya fi sau goma ina gogewa. Har yau ban tabbata ni ce ba ni da gaskiya gaba ɗaya ba, don biro yana cin tsohuwar takarda. Amma na san yadda na faɗa ba haka ake yi wa dattijo ba. A cikin kwanakin nan aka kira ni daga gida aka ce mahaifina yana asibiti, ni kuma ba jirgi ba hanya. Ban faɗa wa kowa ba sai abokiyar ɗakina, ita ta kai labari sama. Da yamma na ji an ƙwanƙwasa. Baba ne da kansa, da takunkumi a karkace, ya sauko hawa biyar da ƙafa don ba ya son shiga lif da mutane. Ya tsaya daga bayan ƙarfe ya yi wa mahaifina addu'a mai tsawo, ya miƙo leda. Ya ce mai jiran labari gara hannunsa yana aiki. A cikin ledar akwai falle, da fensir sabo an fiƙe shi. Daga ranar da fensir yake rubutu a gefe. Bai taɓa ambaton dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Mahaifina ya warke.

Wanda ya rage a hannuna shi ne na arba'in da ɗaya, darasin auna zurfin rijiya da igiyar guga, gaba nawa, kamu nawa, taƙi nawa. Na kwafe shi tsaf tun ran Alhamis, ban samu na biya ba. In na mayar da shi haka, na karya abin da mutum huɗu suka riƙe. In na riƙe shi, na riƙe kayan gado da ba nawa ba. Kuma saura falle ashirin da biyu da ban taɓa gani ba.

Na fara tambayar Yaya ta saƙo. Ya ce in riƙe tukuna, kansa ba ya ɗaukar komai yanzu. Shi injiniya ne, ya taɓa gaya mini a falle na tara ya tsaya yana yaro, ƙwallo ta ɗauke shi, kuma Baba bai taɓa tilasta masa ba. Malamar da ke duba bincikena ta yi mini ta'aziyya da kirki, sannan ta ce in lallashi iyalan a ɗauki hoton komai a kai laburare kafin su ɓace. Ta fi ni sanin aikinta, kuma ba ƙarya ta faɗa ba. Ƙanin Baba ya kira daga gida ya ce wa Yaya a haɗa gafakar cif, a kulle, da an buɗe hanya a kawo ta, zai sa ta a akwatin ƙarfe kada kowa ya ƙara taɓawa. Ya ji akwai falle a hannun wata yarinya, ya ce a karɓo. Yaya ya faɗa mini haka yana jin kunya, ya ce ba gaggawa, amma na gane.

Inna ce kaɗai ban tambaya ba. Ina hawa kowace Juma'a in gaishe ta daga bayan ƙarfen ƙofa, in ce ya haƙuri, ta ce da godiya, in sauko da maganar a bakina. Ina ganin bai dace in dami mai takaba da zancen takarda ba. Sai da aka yi kwana arba'in da rasuwar na sa fallen tsakanin kwalayensa, na hau da niyyar in miƙa shi in huta.

Ta jawo kujera ta zauna daga ciki, ni ina tsaye daga waje. Ta rame, carbi a hannunta. Na miƙa ledar ta tsakanin ƙarafa na ce ga amanar Baba. Ba ta karɓa ba. Ta tambaye ni ko na biya. Na ce ban samu ba, ran da zan biya ne ya kwanta. Daga nan maganar ta fito duka, na ce ban san yadda zan yi ba, ban san wa zan biya wa ba, mai ji ya tafi.

Ta tambaya wanne ne. Na ce na rijiya. Ta ɗan rufe ido, sai ta fara karanto shi, tun daga layin farko, da irin muryar da ake jan karatu, har inda ake ƙulla igiya a daidai bakin ruwa, har da ƙarin da jikan Malam Babba ya yi a gefe a kan rijiyar da ta karkace. Na buɗe littafina ina bi. Ba ta tsallake kalma ɗaya ba.

"Ni ban taɓa riƙe takardun nan ba," in ji ta. "Amma shekara hamsin da biyu ana biya su a zaurenmu ina daka a bayan katanga. Kin ga har da kuren yara na haddace."

Na tuna mata maganar ƙanin Baba.

"Ƙanin nasa ya jira, ai ba jirgi. Gafakar tana ƙarƙashin matashina, kuma ba ta fita ɗakin nan sai ranar da na fita. Ɗauko kujera ki zauna ki biya mini wannan yanzu. In babu kure in ba ki na gaba. Biyu-biyu za mu riƙa yi a sati, don ina so ki gama kafin in fita takaba."